Tun da aka yi min aikin ido haske yake damuna: tambayoyi da amsoshi

Ina aikin kula da lafiyar ido a wani ƙaramin asibiti da ke karkarar Jigawa. Duk lokacin da aka kammala aikin yanar ido na gayya, irin wanda ake tara jama'a a yi musu cikin 'yan kwanaki, likitocin kan tattara kayansu su koma birni, mu a bar mu da masu jinya. Kukan da ya fi kowane yawa a makonnin da ke biyo baya shi ne na haske.

Akwai wata dattijuwa da ɗanta ya goyo a babur daga ƙauyensu, kwana uku da yi mata aiki. Ta lulluɓe kanta da mayafi biyu, ta ƙi buɗewa sai da na tura taga. Ta ce, "Ɗan nan, da hazo-hazo nake gani, amma ina fita tsakar gida. Yanzu ko ƙofar ɗaki ba na iya leƙawa. Sun ƙarasa ni." Na ce, "Iya, yi haƙuri, buɗe a hankali." Na koma ƙarshen ɗakin na ɗaga yatsu, ta ƙirga su daidai, har ta ce akwai jan zare a hulata. Idon lafiya lau yake, hasken ne ya yi masa yawa. A cikin watan kuma aka kawo wani dattijo da irin wannan kuka, shi kuwa idonsa ya riga ya yi nisa, domin an zauna da shi a gida kwana biyar ana cewa zai wuce. Saboda mutanen nan biyu na tara tambayoyin da ake yawan yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Likita, an ce an gyara idon, to me ya sa rana take kashe min ido fiye da da?

A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan gilashi na halitta da ke tattara haske. Yana kamar ruwan randa mai kyau tun muna yara. Da shekaru suka ja sai ya fara gurɓata, ya yi fari ko ruwan ƙasa-ƙasa, shi ne muke kira yana. Yanar nan ba dare ɗaya take zuwa ba, shekaru take yi tana rage hasken da ke shiga, ido da ƙwaƙwalwa kuma suna sabawa da duhun a hankali. Ranar aiki sai a cire ta cikin mintoci, a sa wani ɗan gilashin roba garai-garai a gurbinta. Ka tuna yadda kake ji in ka daɗe a ƙuryar ɗaki ka fito tsakar gida da azahar. To wannan idon shekaru ya yi a ƙuryar ɗakin.

Wannan dalili ɗaya ne. Na biyu, kowane aiki rauni ne, komai ƙanƙantarsa, kuma cikin ido yakan ɗan kumbura. Baƙin ido tsoka ce mai motsi: in haske ya yi yawa ta tsuke ƙofar tsakiyarta, in duhu ya yi ta buɗe. Tsokar da ke da kumburi in ta motsa dole ta yi zafi, shi ya sa fita rana ke sa wani zugi can ciki. Na uku, maganin da ake ɗigawa a buɗe ƙofar idon kafin aiki. Wani cikin awa 4 zuwa 6 yake saki, wani ya kwana, wani kuma mai suna atirofin yakan kai mako guda har biyu ƙofar tana wangale. Na huɗu, tantanin gaban ido, wanda likitoci ke kira koniya, yakan ɗan sha ruwa ya yi dishi-dishi a kwanakin farko, sai ya riƙa warwatsa haske kamar gilashin mota mai ƙura in an haske shi. Sai kuma bushewar ido, wadda zan dawo kanta.

Ɗan gilashin robar nan ma yana da labari. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai yi faɗa da robar ba. Daga nan ya fara sa irinta a idon mutum a Landan a 1949. Ina faɗin wannan ne don masu tsoron cewa robar ce ke ƙona musu ido. Ba ta tsatsa, ba ta narkewa, rana ba ta ɗumama ta, kuma na zamanin nan an yi su da kariya daga hasken rana mai cutarwa.

Komai nake gani kamar an sa masa shuni. Lafiya kuwa?

Lafiya. Tsohuwar yanar tana tare launin shuɗi, shi ya sa da komai yake yi maka ja-ja kamar hasken aci-balbal. Yanzu shuɗin ya samu hanya. Cikin 'yan kwanaki ko makonni ƙwaƙwalwa za ta daidaita shi.

Kwana nawa zan yi a haka?

Ga yawancin waɗanda aka cire wa yana, kwana biyu ko uku na farko su ne masu wuya. Daga nan abin ya riƙa sauƙi, zuwa mako biyu mutum yana fita da tabarau ba damuwa, zuwa mako 4 ko 6 idon ya warke. Masu ciwon suga, da waɗanda yanarsu ta tsufa ta yi tauri har aikin ya ɗauki lokaci, da waɗanda dama suke da bushewar ido, sukan fi haka daɗewa.

Ni ba na so mutum ya riƙe lissafin kwanaki kawai. Abin da nake so ya duba shi ne inda abin ya dosa. Yau ya fi jiya sauƙi ko ya fi jiya tsanani? Amsar nan ta fi kalanda amfani.

To yaya zan gane na warkewa da na hatsari?

Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya karanta, har da 'ya'ya da surukan da ke jinyar tsofaffi, domin sau da yawa su ne masu yanke shawarar a tafi ko a zauna.

Na warkewa, haske yana damunka amma in ka shiga inuwa ka huta. Ganin yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake. Akwai ɗan ja, ɗan hawaye, da jin kamar tsakuwa a ido, amma farasitamol yana kwantar da zafin kuma kana samun barci.

Na hatsari kuwa, idon ya fara sauƙi sai ya juya. Zafi yana ƙaruwa har ya hau goshi da rabin kai, ya hana barci. Ganin da aka samu ya fara komawa, jiya kana gane mai shigowa, yau sai inuwarsa. Jan yana ƙaruwa, fatar ido ta kumbura, kwantsa mai kauri tana fita. Wani lokaci in ka duba ƙasan baƙin idon za ka ga wani farin abu ya kwanta a ciki kamar ƙasarin koko a gindin kofi. Wannan mugunya ce a cikin ido, alamar ƙwayar cuta ta shiga. Abin ba ya yawan faruwa, cikin mutum dubu da wuya ya wuce ɗaya ko biyu, kuma ya fi zuwa a makon farko ko na biyu. Amma in ya zo, da awoyi ake lissafinsa. Maganinsa allura ce da likitan ido ke yi a cikin ƙwayar idon, wani lokaci har da wani aikin. Babu ɗigo ko ƙwayar kemis da za ta kai wurin.

Akwai wasu alamu biyu da su ma ba a kwana da su. Ɗaya, zafi mai tsanani tare da tashin zuciya ko amai, da ganin bakan gizo kewaye da fitila: wannan yakan nuna ruwan cikin ido ya taru ya yi ƙarfi. Ɗayar kuma, ganin walƙiya a gefen ido ba hadari, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa kamar an watsa ƙudaje, ko wani labule yana saukowa daga gefe. Wannan bangon bayan ido ne yake neman ɓallewa, kuma shi ba ya ma zafi, abin da ke sa mutane sakaci da shi ke nan.

Hausawa kan ce ciwon ido sai haƙuri. A kan ƙaiƙayi da hawaye na yarda. A kan waɗannan alamu kuwa haƙurin ne yake cinye idon. Dattijon da na ambata a farko, da aka tambayi iyalinsa sai suka ce suna jiran ranar kasuwa ne don a samu mota cikin sauƙi. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Muna da nisa da asibiti, ga kuɗin mota. Ina za mu nufa?

Na san wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman da damina in hanya ta yanke. Fara da wurin da aka yi aikin in yana buɗe, ko sashen ido na babban asibitin da ya fi kusa, kamar na Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure ko Birnin Kudu, su duba su tura ka gaba in ya fi ƙarfinsu. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Ido na ECWA, da Asibitin Ido na Makka. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ka tafi da katinka da duk kwalaben maganin da kake ɗigawa, kuma da isarka ka faɗa wa na bakin ƙofa cewa aiki aka yi kwana kaza, gani yana raguwa. Kada ka bi layi ka yi shiru.

Shawarata ga iyali: tun ranar da aka sa ranar aiki, a ware kuɗin mota na zuwa da dawowa a ajiye, kada a taɓa sai an cika mako biyu. In ba a buƙace su ba, sun zama na komawa dubiya.

Wane irin tabarau zan sa? Na kasuwa ya isa?

Baƙin gilashi daban, kariya daga hasken rana mai cutarwa daban. Akwai gilashi baƙi wuluk da ba ya tare komai, sai dai ya sa ƙofar ido ta ƙara buɗewa. Nemi wanda aka rubuta wa UV400, kuma ya fi kyau a saye shi a shagon masu gilashin ido ko a asibiti, don a kan tire kowa na iya manna takarda. Mai faɗi wanda ya rufe gefe ya fi ɗan siriri na gayu, saboda yana tare ƙura da iska ma. Wanda aka ba ka ranar aiki, in an ba ka, ka riƙe shi.

Kada kuma a raina malafa. Manomi da ya haɗa malafa da tabarau ya fi wanda ya sa gilashi mai tsada da hula kawai. Masu noman shinkafa a fadamun Haɗeja ko Kadawa, da masunta, su hasken daga ƙasa yake dukansu, daga kan ruwa, inda malafa ba ta kaiwa. Akwai gilashi na musamman mai kashe ƙyallin ruwa, a tambayi masu shagon gilashi.

Wasu dattawa suna jin nauyin sa baƙin gilashi, wai kada a ce sun zama 'yan birni ko a ɗauke su makafi. Baba, magani ne, kamar sandar da mai karaya ke dogarawa.

In zauna a ɗaki mai duhu har sai na warke?

A'a. Kwana ɗaya ko biyu na farko ba laifi a sassauta haske. Bayan haka idon yana buƙatar ya koyi haske, kuma a duhu ba zai koya ba. Wanda ya kulle kansa a ƙuryar ɗaki, ko yake sa baƙin gilashi har a cikin ɗaki dare da rana, yakan ƙara wa kansa tsawon wahalar. A fara zama a zaure ko ƙarƙashin rumfa da hantsi da bayan la'asar, a juya wa rana baya, kullum a ɗan ƙara. Tsakar rana ce kawai ake gudu.

Waya da talabijin ba sa ɓata aikin. Sai dai mai kallon waya yana rage ƙifta ido, idon ya bushe ya yi yaji. A rage hasken fuskar wayar, a riƙa hutawa. Kuma don Allah a hana yara haska wa Kaka tocilan a ido wai suna duba ko ya warke.

Yaushe zan koma gona? Ni kuma girki fa?

Nan ne ake samun rikici, don aikin gayya ba ya duba ko lokacin shuka ne ko na girbi. Abin da nake tsoro a gona ya wuce rana: ƙasa, ƙaiƙayi, da tsinken kara. Rauni daga tsiro yakan shigar da wata irin cuta mai wuyar magani cikin koniya. Sussuka, shiƙa, casar shinkafa, feshin maganin ƙwari da watsa taki, duk a bar wa yara har sai likita ya duba ya sallama, galibi wajen wata guda. Zagaya gona a ga yadda take, da malafa da tabarau, bayan mako biyu ba laifi in idon yana lafiya.

Iyaye mata kuma, hayaƙin murhu yana sa ido ja da hawaye, hawaye kuma yana sa a kai hannu ko gefen zani a murza. Murzawar ce babbar matsala. A samu 'ya ko suruka ta karɓi girki, daka da shara na mako biyu aƙalla. Maigida, wannan a wuyanka yake, domin ita ba za ta ce ba za ta iya ba.

Da hunturu abin ya fi tsanani. Iska busasshiya tana shanye ɗan ruwan da ke lulluɓe da gaban ido, kuma in ruwan nan ya tsage haske sai ya warwatse ya yi yaji. Mutane kan yi mamaki in na ce idonsu ya bushe alhali hawaye yake zubarwa. Hawayen na kuka ne da ido ke yi don ya ji bushewa, ba ya zama. Akwai ɗigo na hawayen roba da likita zai iya rubuta maka. In za a hau babur kuwa, tabarau dole.

Idon ya yi sauƙi, zan iya daina ɗiga maganin?

Kada ka daina da kanka. Cikin magungunan akwai mai kashe ƙwayar cuta, akwai mai kwantar da kumburi. Na kumburin a hankali ake janye shi, daga sau da yawa a rana zuwa kaɗan, cikin mako 4 zuwa 6. In aka yanke shi kwatsam kumburin yakan dawo. Na sha ganin wanda ya zo a mako na uku, ido ya yi ja, haske yana sokarsa, da an bincika sai a ga kwalbar ta ƙare kwana huɗu da suka wuce bai sake saye ba. In an zo da wuri wannan yana gyaruwa.

Akasin haka ma hatsari ne. Wani ya ji daɗin maganin sai ya riƙa kai tsohuwar kwalba kemis ana ba shi irinta wata da watanni. Maganin kumburin nan in ya daɗe yana iya tayar da hawan jinin ido, wanda ke cinye jijiyar gani shiru ba zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Wajen ɗigawa, a wanke hannu da sabulu, a girgiza wanda yake fari kamar madara, a ja fatar ƙasa a sa ɗigo ɗaya, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashinsa. In magani biyu ne a bar minti biyar a tsakani. A ajiye su a inuwa mai sanyi, kusa da randa ya fi kan taga. In mai jinyar bai iya karatu ba, a ɗaura wa kwalba ɗaya zare, a haɗa lokutan da na salla.

Gwaggo ta ce a sa tozali ko a ɗiga nonon mai jego, yana sanyaya ido.

Gwaggo alheri take nufi, amma idon da aka yi wa aiki yana da ƙofa da ba ta gama rufuwa ba. Tozali, nono, ruwan albasa, ruwan sukari, zuma, ruwan ganye, fitsari, duk suna iya kai cuta har ciki. Tsinken sa tozali ma yana yawo daga ido zuwa ido. Kada komai ya shiga idon sai abin da likita ya rubuta. Addu'a a yi ta da yawa, amma ruwan tofi da na rubutu a sha ko a shafa a jiki, ban da ido.

Alwala, sujada da azumi fa?

A makon farko zuwa na biyu ba ma so ruwa ya shiga idon, ba ma kuma so a daɗe da kai a sunkuye ko a ɗauki abu mai nauyi. Likitoci da yawa kan ce a yi salla a zaune na 'yan kwanaki. Addini ya yi wa maras lafiya sauƙi, a tambayi malami yadda za a yi alwala da sujada a wannan hali. Game da ɗigo da rana a watan azumi, malamai suna da bayani a kan abin da ya kai maƙogwaro, su za a tambaya. Abin da zan ƙara ta fannina shi ne, in ka rufe ido bayan ɗigo ka danne kusurwar da ke jikin hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu, maganin ba ya gangarawa sosai, kuma ya fi zama a idon. Barin maganin gaba ɗaya saboda azumi shi ne abin da nake roƙo kada a yi.

Ɗana ba yana aka cire masa ba, aikin leza aka yi masa don ya ajiye gilashi. Shi ma haka yake fama.

Wannan wani aiki ne daban, kuma yanzu muna fara ganin masu shi, matasan da suka yi a manyan birane ko a Indiya da Masar suka dawo gida. Ba a shiga cikin ido, koniya ake sassaƙa da hasken leza don a gyara yadda take tattara haske. Iri biyu suka fi shahara. A PRK ana kankare fatar saman koniya, sai ta sake tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, kuma kwanakin nan akwai zafi da gudun haske sosai. Mai PRK ya kamata ya riƙe tabarau na watanni, domin rana mai ƙarfi irin tamu tana ƙara yiwuwar koniyar ta yi hazo. A LASIK kuwa ana ɗaga ɗan siririn murfi a yi aikin a ƙarƙashi a mayar, zafinsa kaɗan ne, galibi yini ɗaya ko biyu. Amma yankan yana katse ƙananan jijiyoyin da ke gaya wa ido ya yi hawaye, sai bushewa ta biyo baya na watanni.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bi sawun waɗanda aka yi wa LASIK. Cikin waɗanda da ba su da wani ƙorafi, har kashi 46 cikin 100 sun ce suna ganin wani sabon abu bayan wata uku, kamar zobe kewaye da fitila ko tartsatsin haske, har kashi 28 kuma sun samu bushewar ido. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai kashi 1 ba.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗa mutane: mako 2 zuwa 6 bayan LASIK, gani lafiya, ido ba ja, amma haske ya zama abin gudu. Likitoci sun san shi, yana da alaƙa da irin lezar da aka yanka murfin da ita, kuma yana jin maganin kumburi. Likitan ido ne zai duba ya rubuta. Ya guji murza ido ƙwarai, don murfin na iya gocewa.

Da dare fitilar mota tana tarwatse min. Zan iya tuƙi?

In fitilar mai zuwa tana rufe maka hanya, ajiye tuƙin dare, mota ko babur, har sai an duba ka. A duhu ƙofar ido tana buɗewa, haske ya bi ta gefen da bai daidaita ba. Yawanci yana raguwa cikin watanni. Kada kuma a sa baƙin gilashi a yi tuƙi da dare, yana ɓoye mai tafiya a ƙasa da amalanke.

Shekara biyu da aiki, yanzu hazo da kashe ido sun dawo. Yanar ce ta sake fitowa?

Yanar da aka cire ba ta dawowa. Akwai wata siririyar jaka da aka bari don ta riƙe gilashin robar, ita ce takan yi dishi bayan watanni ko shekaru, ga kamar mutum ɗaya cikin biyar. Ana buɗe ta da leza cikin 'yan mintoci, a zaune, ba yanka ba kwanciya. Amma sai an duba tukuna, domin hawan jinin ido da ɓarnar ciwon suga su ma sukan zo da raguwar gani.

Kawuna a gida aka yi masa, mai maganin gargajiya ya kwantar masa da yanar. Kullum idonsa ja, ba ya son haske.

Masu wannan aiki ba sa cire yanar, tura ta suke yi da tsinke ta faɗa can cikin ido. Da farko mutum yakan ga haske ya yi murna. Amma yanar tana nan kwance a inda ba wurinta ba, tana iya jawo kumburi mai daɗewa da hawan jinin ido, ga shi babu gilashin da ya maye gurbinta, sai an sa tabarau mai kauri ƙwarai. A kai Kawu asibitin ido ba tare da an yi masa gori ba. Akwai abin da za a iya yi wa zafin da kumburin, kuma a ceci ɗaya idon kafin shi ma a kai shi can.

Yaro ne, ba a yi masa aiki ba, amma yana gudun haske ga zazzaɓi.

Wannan ba maganar ido ba ce kaɗai. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sanƙarewar wuya da gudun haske, musamman da bazara, sanƙarau ake tsoro. Asibiti yanzu, ko da dare ne. Mai ƙyanda ma in ya rufe ido ya ƙi buɗewa a kai shi, yana buƙatar sinadarin bitamin A don kada idon ya yi hakiya.

Maƙwabcina ya ga halin da na shiga, ya ce shi ya fasa aikin.

Wannan yana damuna matuƙa, domin labarin kwana ukun farko ya fi labarin wata na biyu saurin zagaya gari. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa 'yan Najeriya sama da miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar. Makanta ce da aikin da bai kai awa ɗaya ba yake ɗagawa. Yanar da aka bari ta wuce lokaci kuma ba zama take yi shiru ba, tana iya kumbura ta toshe hanyar ruwan ido, a wayi gari da zafi da asarar idon baki ɗaya.

Ka bari ka cika makonni shida, sa'an nan ka je zaurensa da kanka, ba mai ja maka sanda, ka gaya masa duka: kwanakin da ka yi kana runtse ido da kuma abin da kake gani yanzu. In ya yarda zai je, ka ce kafin ya bar wurin aikin ya tabbatar an faɗa masa abu uku, ɗansa ya rubuta a bayan katin: ranar da zai koma dubiya, kwana nawa zai yi yana ɗiga kowane magani, da asibitin da zai nufa in idon ya juya bayan likitocin sun tafi.